Ƙarƙashin Fiffiken Jirgin Yeye

Matso kusa ka ji, don wannan ba labarin da nake bayarwa da ƙarfi a tsakar gida ba ne; mahaifina yana nan da ransa, kuma kunnensa bai tsufa ba. Wata Litinin ce cikin watan Afrilu na shekarar 2008, shekarar da ƙasar Sin ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik. Ina 'yar shekara goma, ina tsaye cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa a wani ƙaramin fili can bayan garin Guangzhou, silifas ɗina duk taɓo, ina kallon jirgin sama mafi tsufa da na taɓa gani. Kore ne, fentinsa ya koɗe, fukafukansa hawa biyu, ɗaya bisa ɗaya, an ɗaɗɗaure su da wayoyi kamar igiyar shanya. Farfela ɗaya ce a hancinsa, an tara masa bokiti a ƙarƙashin inji saboda baƙin man da yake ɗiga. Da aka tashe shi sai ya yi tari irin na tsohon mashayin taba, ya fesar da farin hayaƙi, agwagin manoma suka watse. Abba ya dafe hularsa ya ce, "Uwata, in kin fasa mu koma gida." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci. Na ce ban fasa ba. Da na san abin da na sani yanzu, da na ce mu koma, in ga yadda zai yi.

Ina goye aka kai ni ƙasar, don haka ban san wani gida ba sai ɗakunanmu biyu a hawa na biyar, cikin wani lungu na Sanyuanli inda benaye suka matsu har kana iya miƙa wa maƙwabci gishiri ta taga. Abba yana saya wa 'yan kasuwar Kwari ta Kano kaya a kasuwar Shahe, ya haɗa, ya loda musu kwantena. Umma kuwa tuwo take tuƙawa, na shinkafa da miyar kuka, don fatakenmu na Kano da na Maraɗi da cikinsu ya gaji da taliyar Sin. Aikina tun da safe shi ne yankan albasa, wankin kuloli, da hawa da saukar bene da abincin mutane. Makaranta ban yi mai nisa ba, kullum maganar takardu ce take katse ta. Amma Allah ya ba ni kunne. A kan matakala na tsinci yaren mutanen garin, daga bakin mai shara da mai sayar da gas da matan da suke faɗa da mazajensu. Shi Abba duk shekarun da ya yi, abin da ya iya bai wuce "laban", wato maigida, da "meyo", wato babu, da "shishe" na godiya ba, sauran kuma kalkuleta ce take yi masa magana. Don haka ni ce tafintarsa. Babu cinikin da ake ƙullawa, babu rigimar da ake kashewa a gidanmu, sai ta bi ta bakina.

A hawa na biyu Lili take, jikar masu gidan, sa'ata ce. A saman rufin bene muke wasa, tsakanin tankin ruwa da shanyar mutane. Ita ta koya mini wasansu na gashin kaza da ake ɗaure wa ƙarfe a gindi a riƙa cafe shi da ƙafa, ni kuma na koya mata carafke da 'yan duwatsu, har ta fi ni hannu. Muna da tsofaffin bokitan fenti da muka cika da ƙasa, muka shuka barkono da albasa, kowace da nata. Kakanta shi ne matuƙin jirgin nan. Yeye take ce masa, wato kaka, ni ma haka na tashi ina ce masa. Aikinsa shuka ne daga sama: in damina ta kusa sai a loda wa jirgin buhunan irin itace, ya bi duwatsun da suka yi sanƙo yana zuba musu, daga wannan fili zuwa wancan, inda yamma ta yi masa nan zai kafa tanti ya kwana. In ya dawo yakan zauna a rufin bene da butar shayinsa yana ba mu labari, ni kuwa shekara da shekaru ina roƙonsa ya tafi da ni, yana cewa sai na ƙara tsawo.

To, a shekarar nan sai gari ya canza. Ana ta fenti da share-share saboda baƙin wasanni, mu kuma tsofaffin baƙi aka fara ƙin sabunta mana biza. 'Yan sanda suna tsayawa a titin Huanshi suna duba fasfo. Masu zuwa cin tuwo suka ragu, waɗanda suke zuwa kuma ƙasa-ƙasa suke magana, kana jin ɗaya yana ce wa ɗaya, "In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa." Abin da ya fi tsorata ni shi ne yadda mutanenmu suke tafiya. Ka san al'adarmu, ba a bayyana tafiya sai an tafi, saboda baki. Yau ka ga mata da 'ya'yanta a kasuwar kayan miya, jibi ka buga ƙofarsu ka ji wayam. Sai na daina sakewa. Wata rana bayan la'asar na sami Abba a kan darduma, na ce masa ni fa ba na son a kai ni Kano, ban san kowa a can ba. Ya ajiye carbinsa, ya kama hannuna ya ce, "Uwata, ni zan yi miki haka? A rufin benen nan za ki kalli buɗe wasannin nan a talabijin, ke da ƙawarki." Na yarda. Uba ne, kuma a kan darduma ya faɗa.

Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya mini a rai. Na ga Abba ya sauka wajen Yeye, amma bai kira ni in yi masa tafinta ba, sai ya tafi da Alhaji Mamman, wani abokinsa mutumin Maraɗi da ya ɗan iya yaren, mai yawan cewa "bon" kafin kowace magana. Ban taɓa ganin an yi haka ba. Amma da suka hau suka ce Yeye ya yarda in bi shi shuka, ni da Abba, sai murna ta wanke komai. Lili ba za ta je ba, tana da makaranta, kuma ko a bas amai take yi. Na yi mata alkawari zan ɗebo mana irin, mu shuka a bokiti guda, mu ga ko itacen dutse zai yarda ya fito a rufin bene. Umma ta yi mana dambun nama, ta sa mana gari da ƙuli-ƙuli, ta yi mini kitso sabo, ƙanana masu daɗewa. Na ce mata ai kwana kaɗan ne, ta ce in riƙe kaina daidai in daina surutu. Da safen da za mu fita Lili ta riga ta tafi makaranta, ko ƙofarsu ban buga ba. Me zai sa in buga?

Cikin jirgin babu kujeru irin na manyan jirage, benci ne na ƙarfe a jikin bango, sai buhuna. Ƙara kuwa, ko ka yi ihu na kusa da kai ba zai ji ba, sai da auduga a kunne. Amma da ya ɗaga, wallahi na manta da ƙarar. Gonakin shinkafa cike da ruwa kamar an fasa madubi an baza, koguna ja-ja suna lanƙwasa, ƙauyuka masu baƙin rufi, sannan duwatsu tsaye ɗaiɗai kamar an kife turame. In Yeye ya zo kan dutsen da za a shuka sai ya yi ƙasa har ina ganin awaki, makanikensa ya ja wani ƙarfe, irin ya zubo ta cikin jirgin ya bi iska kamar jan hayaƙi, don an shafe shi da jan magani saboda ɓera da tsuntsu. Abba ya rufe ido yana ta salati, ni kuwa goshina a manne da gilashi. Yeye yakan waiwayo ya nuna mini ƙasa da yatsa, ya nuna idona. In mun sauka sai ya ce, "Ki kalla da kyau, ki riƙe."

Zangon ma wani daɗi ne. Filayen duk ciyawa ce, wani sai mun yi shawagi a kansa makiyayi ya kore ɓaunarsa kafin mu sauka. Da an tsaya kowa da aikinsa: a sa katako a tayoyi, a ɗaure fukafukai da turaku don kada iska ta ɗauke shi, a rufe injin da tampol, a tara masa bokitinsa. Nawa aikin ɗebo ruwa ne da tsinto kirare. A ƙarƙashin fiffiken ƙasa muke kafa tanti, in ruwa ya sauko kana jin sa a kan jirgin kamar ana zuba gero a kwano. Yeye ya sayo sabuwar tukunya musamman dominmu, ya nuna wa Abba takardar jikinta don ya tabbatar naman alade bai taɓa shiga ba, ya dafa mana shinkafa da kifi da ganye. Da kamfas ɗin jirgin yake nemo mana alƙibla, ya tsaya nesa da sigarinsa har mu idar. Manoma suna zuwa kallonmu, su kawo rake, tsofaffin mata su shafa kitsona, in na yi musu magana da yarensu su ja da baya suna dariya. Ban taɓa jin daɗi irin na kwanakin nan ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi yi mini ciwo.

A zangon ƙarshe, rana tana faɗuwa, na roƙi Yeye irin. Ya buɗe buhu ya cika mini aljihun rigata, ya tambaye ni me zan yi da shi. Na ce ni da Lili za mu shuka a rufin bene. Sai ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma. Can ya ce, "Faɗa wa babanki, abin da yake yi ba daidai ba ne." Na juya na faɗa wa Abba da Hausa, kamar yadda na saba. Abba bai ɗago daga kofin shayinsa ba, ya ce, "Ce masa mu haka muke yi a wajenmu." Na juya na faɗa. Yeye ya ce, "Ce masa yarinyar nan ba buhu ba ce." Na faɗa, har ina dariya, na tambayi Abba me na yi. Ya ce wai Yeye yana ganin bai kamata a zaunar da ni kan buhuna ba, in je in wanke tukunya. Na tafi ina waƙa. Da bakina na kai, da bakina na kawo.

Da muka dawo filin da muka tashi, tun daga sama na hango tasi a bakin hanya. Muna sauka na ga Umma tsaye da mayafinta na fita unguwa, Alhaji Mamman a gefe, but ɗin motar a buɗe an danna jakunkunan ganamasgo an ɗaure da igiya. A saman ɗaya na ga bargona. Ba wanda ya faɗa mini komai, bargon ne ya faɗa mini. Ashe duk kwanakin da nake sama ana kwashe ɗakinmu ne a ƙasa. An fitar da ni daga gidan ne don bakina, don sun san zan faɗa wa Lili, Lili ta faɗa wa lungu, magana ta kai inda ba a so. Na ce a kai ni in yi mata sallama, minti kaɗan kawai. Alhaji Mamman ya ce, "Bon, 'yata, jirgi ba ya jira." Na dubi Abba, shi kuma yana duban igiyar but. Umma ta ce, "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, in kin girma za ki gane." Yeye bai zo kusa ba. Yana can ƙarƙashin injinsa yana gyara zaman bokiti, bokitin da yake zaune daidai. Daga nan babban filin jirgi muka wuce, ni da Umma. Abba ya tsaya haɗa sauran kayan mutane, sai bayan watanni ya biyo mu.

Buɗe wasannin a Kano na gan shi, a talabijin ɗin maƙwabta da janareta, cikin yaran da suke ce mini 'yar Caina. Irin nan na shuka shi a bayan ɗakin kakata, na yi ta ba shi ruwa, bai fito ba. Lambar wayar su Lili ban taɓa riƙewa ba, wa yake riƙe lambar wanda ke ƙasan benensu? Ban san me aka ce mata ba, ban san ko ta ɗauka na sani na ɓoye mata ba. Da na yi aure na taɓa tambayar Abba, ya ce da ya faɗa mini da na ƙi cin abinci, kuma ai ya sa na hau jirgin da nake so. Har yau a wajensa kyauta ya yi mini.

Yanzu ni ba mai son fita ba ce. Ko biki aka gayyace ni Zariya sai na nemi dalili, in kuwa na fita, ina dawowa sai na leƙa kowane ɗaki. 'Ya'yana suna yi mini dariya don ko asibiti za mu sai na faɗa musu tun jiya, da inda za mu, da abin da za a yi musu. Mutane suna cewa ina da sakin baki, na yarda. Na girma kamar yadda Umma ta ce, ina kai wa Abba tuwonsa da hannuna, yana kirana Uwata ina amsawa. Amma in ƙaramin jirgi ya wuce ta saman gidanmu, ba gonakin nan masu kama da madubi nake fara tunowa ba, bargona nake gani a kan jaka. Kai da kake saurarona, in an ba ka kwanakin da suka fi kowanne daɗi a rayuwarka don kawai ka juya baya a kwashe gidanku, godiya za ka yi?