Zanen da Alhaji Yake Goge Mota da Shi

Jiya babban ɗana ya buɗe gwangwanin kakin goge mota a ƙofar gida. Ƙamshin na shigowa sai hawaye suka zubo mini, don Alhaji, maigidana, na tuna.

Da tsufansa ya sayi sabuwar mota fara ta zuwa kasuwar Bader Goula. Bai taɓa shafa mata kaki cikin rana ba, sai da la'asar a inuwar itacen bedi. Soson kanti ma ƙin sa ya yi.

"Hajiya, ba ni tsohon zanenki," in ji shi. "Abin da ya sha wanki ba ya karce fenti."

Na ce, "Ni yaushe rabon da ka lallaɓa ni haka?"

Ya yi dariya. "Ke ai ba ki koɗe ba."

Zanen yana ƙasan akwatina, ƙamshin bai fita ba. Da ɗana ya nemi tsumma, na ɗauko shi, amma na kasa miƙawa. Wani na ba shi.

Ya Allah, bawanka mai son inuwa ne. Ka sanyaya masa makwancinsa.