Bakin Alƙalamin Malam Maharazu

Duk wanda ya taɓa ratsa Jakara zuwa Kurmi ya ga aikin Malam Maharazu, ko da bai san sunansa ba. Allon shagon mai shadda, na tela, har na mai gyaran agogo, duk hannunsa ne. A makarantar allo ya koyi feƙe alƙalamin gamba, sai da ya rubuta Alƙur'ani sau biyu kafin ya koma zana sunayen shaguna da baƙaƙen boko. Mutum ne mai ji da kansa, kuma wallahi ya isa. Aibinsa ɗaya ne, ba ya kallon samfur sau biyu. Kana nuna masa zai ɗaga hannu ya ce, "Na gani."

To sai ga injinan buga allon talla a kan leda sun cika gari. Kowa ya koma wa leda mai sheƙi, wadda rana ke cinye launinta cikin wata shida, abin haushi! Maharazu ya koma wuni yana korar ƙuda. Ƙanensa Hashim ya sa shi gaba a kan ya bar masa rumfar da yake aiki a ciki ya zuba kayan waya, har dattijon ya gaji ya ce, "Aikin da zai shigo nan gaba shi zai raba mu. In an karɓa ina nan. In an dawo mini da shi, rumfa taka ce."

Ba a yi mako ba sai ga Hajiya Mabruka, jikar Larabawan nan da suka daɗe a cikin birni. Shagon turare za ta buɗe ranar Asabar kusa da Ƙofar Ɗan Agundi, kuma ta rantse leda ba za ta hau ƙofarta ba. Baƙin katako take so, da rubutu ruwan zinare. Ta miƙo masa waya, ga hoton wata kwalbar turaren waje. Haruffan jikinta wani gefen kauri kamar taɓarya, wani gefen siriri kamar silin gashi, kowane da 'yar ƙafarsa mai tsini.

"Baba, irin wannan nake so," in ji ta. "Rubutun da in mutum ya gani zai gyara hularsa kafin ya shigo."

"Na gani," in ji Maharazu.

Kai, zo ka ga murna! Ranar ko abincin rana bai ci ba. Ya dama tawada, ya shimfiɗa babbar takarda, domin al'adarsa sai ya gama zanen da alƙalami an amince kafin buroshi ya taɓa katako. Kwana uku yana kai, yana 'yar waƙarsa, maƙwabta na leƙe suna cewa yau Malam ya dawo saurayi.

Alhamis da hantsi Hajiya ta dawo. Hashim ma ya zo ya jingina da bango, wai wucewa yake. Ta daɗe tana kallon takardar.

"Baba, yana da kyau, amma ba shi ba ne. Naka kamar an danne su."

Ran Maharazu ya ɓaci. "Hajiya, babu kauri ne, ko babu siriri? To me ya rage?"

Ba ta yi musu ba, ta ajiye wayar a gefen takardar. Hashim ya yi gyaran murya. Dattijon ya san rumfar na gab da kuɓuce masa. Dole ya sunkuya ya sake kallo, abin da bai taɓa yi ba.

Nan take ya gano. A jikin kwalbar layukan da ke tsaye su ne masu kauri, na kwance kuwa sirara. Nasa akasin haka ne. Shekara arba'in yana yanke bakin alƙalami a karkace irin na rubutun allo, inda layin kwance ke ɗaukar nauyi, hannun kuwa ya yi abin da ya saba ba tare da ya shawarce shi ba.

"Kai! Ashe a bakin alƙalami abin yake!" Ya faɗa da ƙarfi har mai shayin maƙwabta ya waiwayo.

Ya zaro aska, ya datse bakin karan a miƙe, ya tsoma a tawada. Ya jawo ƙafar harafin farko na sunanta daga sama, ta sauko da kauri, a tsaye ƙyam. Ya ja gefe, sai ga layi siriri har sai ka ƙura ido. Ya yi na biyu, ya yi na uku. Masu wucewa suka fara tsayawa, wani dillali ya ce, "Tabarakallah!"

"Shi ne!" Hajiya ta tafa hannu, ta manta a kasuwa take. "Wallahi shi ne, Baba! Har ma ya fi na kwalbar rai. A hau katako yau ɗin nan."

Idon Maharazu ya ciko, kuma bai ɓoye ba. Daɗi ne ya kama shi irin wanda ya manta da shi tun yana ɗan makaranta. Ya juya ya dubi ƙanensa yana dariya.

"Hashimu, je ka nemi wata rumfar. Shekarata sittin da uku, yau na fara koyon aikin nan, ka ga kuwa ba yanzu zan tashi ba."