Malama Binta da Kyanwarta Sifeto

Da safen nan ina shirin ɗora ruwan shayi aka bugo mini waya: Malama Binta ta rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

An kai ta makwancinta bayan azahar. Sai na yi wannan rubutu ko zuciyata za ta sauka.

Ga wanda bai san ta ba, tare muka koyar a makarantar 'yan mata a nan Daura har ta yi ritaya. Da na haifi ɗana na fari, ita ta haɗa ajina da nata, ba ta kuma taɓa tuna mini ba. In na ɗauko faɗa a ofishin malamai sai ta turo mini kofin zoɓo ta ce, "Sha tukuna, Hauwa, sai ki ƙarasa da su."

Tana da kyanwa mai suna Sifeto, don tana shigowa ba sallama ta bi tukwane tana dubawa. A bayan aji ta tsince ta tana 'yar mitsitsiya. Maigida ya rasu, 'ya'ya suka yi aure suka watse, su biyu suka tsufa tare.

Bara da damina Sifeto ta ƙwala ƙara ta faɗi a tsakar gida. Ƙafafunta na baya sun mutu, sun yi sanyi ƙalau, sai jan ciki take yi. Kafin la'asar unguwa ta gama bincike. Wai jifa aka yi wa Malama kyanwar ta tare, don haka a sa ta a buhu a kai ta daji kada abin ya dawo kan mai shi. Mutanen da ba su iya gane maleriya a jikin ɗansu ba, su ne suka gane jifa a jikin kyanwa.

Malama kuwa ta ɗauki kyanwarta. Ta naɗe ta a zani ta shiga motar Katsina, sai wajen likitan dabbobi. Ya ce ciwon zuciya ne ya daɗe yana cin ta, jini ya daskare ya yi guda, gudan ya gangara ya toshe hanyar da ke kai jini ƙafafu. Bai ɓoye mata ba: da yawa ba sa tashi, ko ta tashi ma abin yana iya dawowa.

Ta ce masa, "Ni ma haka likitana yake tsorata ni, ga ni kuwa na zo da ƙafata. Rubuta mana magani."

Na ga jinyar nan da idona. Da reza take yanka ƙwayar tsinka jini, ta cusa gutsuren cikin kifi. Sifeto ta cinye kifin tsaf ta tofar da ƙwayar, Malama ta sake daga farko. Ta ɗumama tsumma ta gasa mata ƙafafu, ta juya ta, ta goge mata jiki in ta ɓata shimfiɗa. In kyanwar tana barci sai ta zauna tana kallon yadda haƙarƙarinta ke ɗagawa, don likita ya ce in numfashin ya yi sauri a garzayo.

Ana ta yi mata dariya, wai ga marayu a gari tana jinyar kyanwa. Masu faɗin haka ban taɓa ganin maraya ya fito gidansu da kwano ba. A gidan Malama nake ganin su.

Kuma Sifeto ta tashi.

Da ɗingishi, ƙafa ɗaya tana ja, amma ta taka har bakin murhu ta leƙa tukunya. Ranar nan Malama ta kira ni tana dariya har ba na jin abin da take cewa.

Ganina da ita na ƙarshe ranar Juma'a ne. Na same ta a tabarma da gwangwani biyu a gabanta, ɗaya na maganin hawan jininta, ɗaya na Sifeto. Na ce ki yi hankali kada wata rana ki sha nata. Ta ce, "To ai zuciyar duk ɗaya ce, ta tsofaffi." Can ta ƙara da cewa, "Ba ita ta ce in ɗauko ta ba, Hauwa. Ni na ɗauko ta."

Yau da na je gidan na tambaya ina Sifeto, mata suka sunkuyar da kai. Da na fito zaure sai na ga buhu a ɗaure bayan ƙofa, yana motsi. Ƙanen Malama, Alhaji Sale, har ya kira ɗan acaba ya je ya yar a hanyar Zango. Ko fitar da gawar ba a yi ba.

Ya ce, "Yaya Hauwa, ai kin ga magana ta tabbata. Da an fitar da ita tun bara, da ba haka ba."

Na ce, "Sale, yayarka ta yi shekaru tana fama da hawan jini. Sau nawa ka raka ta asibiti?"

Ya ce, "Gidan makoki ne fa, Yaya."

Na ce, "Shi ya sa nake yi maka a hankali. Kai da ka je Makka, ba ka ji labarin matar da ta shiga wuta saboda ta kulle kyanwa ba? Matsa."

Wani dattijo a cikin masu zaman gaisuwa ya ce, "Ba ta hanya, Alhaji." Ya ba ni. Na kwance buhun. Ga Sifeto tana haki baki buɗe, amma da ranta. Zainabu, 'yar Malama, ta fito tana kuka ta miƙo mini gwangwanin maganin kyanwar. Ɗan acaban da aka kira ya kai ta daji shi ya kawo mu gidana, tana kan cinyata, sannan na koma aka yi jana'iza.

Ban taɓa kiwon kyanwa ba, ba ni kuma da haƙurin Malama. Ban san ko wata nawa ya rage mata ba. Amma yanzu haka tana kwance a kan dardumata, numfashinta ya daidaita, ta ci kifi. Duk ranar da za ta mutu, a ɗaki za ta mutu, a kan shimfiɗa.

Allah ya jiƙan Malama Binta, ya yi mata rahama fiye da wadda ta yi wa halittunsa, ya haskaka kabarinta, ya ba 'ya'yanta haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya tsaya ya yi mata addu'a kafin ya wuce. Ni kuma ku roƙa mini Allah ya ba ni ikon riƙe wannan amana.