Ladabin Gidanmu Ya Kayar Da Ni A Intabiyu

A lokacin ni saurayi ne ɗan gidan malamai a Kusada, na gama karatun kwamfuta, kullum ina duƙe kan wata tsohuwar kwamfuta ina rubuta manhaja. Mahaifina ya yi haƙuri har ya gaji. Ya ce idan aka yanke gero ban samu aiki ba, in rufe na'urar nan in karɓi aji a Islamiyyarsa. Ban raina koyarwa ba, amma Allah ya sani raina ba can yake ba.

Ana tsakiyar damina wani babban kamfanin fasaha na ƙasar waje ya amsa mini. Na ci jarrabawarsu ta farko, saura ganawa ta bidiyo, inda za a ba ni matsala in warware ana kallona. Na tafi Kankia, wani abokina ya ara mini shagonsa saboda akwai sola da netwok. Na san ba ni da wata dama bayan wannan.

Mai yi mini tambayar dattijo ne, sa'an mahaifina, kansa duk furfura. A gidanmu ba a haɗa ido da babba, ba a mayar masa da tambaya, kuma ba ka buɗe baki da karatu sai ya zauna maka. Haka na yi. Ya karanto matsalar, akwai inda ban gane ba, amma na ji nauyin tambayarsa. Na sunkuyar da kai ina lissafi a zuci. Ya ce in faɗa masa abin da nake tunani, na ce to, na ci gaba da shiru, ina jira in haɗa amsar tsaf tukuna. Ya sake tambaya ko ina jin sa. Dab da ƙarewar lokaci na rubuta amsar gaba ɗaya, kuma ta yi aiki.

Matar da ke kula da ɗaukar ma'aikata ce ta kira ni daga baya. Ta ce amsata daidai ce, sai dai mutumin bai ga hanyar da na bi ba, kuma yawan kallon ƙasa ya sa bai tabbata ni kaɗai na yi ba. Na yi ta roƙon ta, ta ce sai dai in sake nema wata shekarar.

'Yan'uwana masu wannan karatu, ku sani su tunaninku suke son ji tun yana ɗanye, da kuskurensa da komai. Ku yi tambaya, ku ɗaga kai, ku saba da haka tun kafin ranar. Ni da na sanar da mahaifina, abu ɗaya ya tambaye ni, ko na yi wa mutumin ladabi. Na ce na yi. Ya sa mini albarka, ni kuwa na shiga ɗaki na yi kuka.