Baba Jonatan da birkin 'yan tsere

Duk Keffi babu wanda bai taɓa yi wa Baba Jonatan hon ba. Tun yana saurayi yake tuƙa motar gawa ta ƙungiyar cocinsu har ya yi ritaya, kuma tafiyar da ya saba yi da mamata ita yake yi da rayayyu. Masu keke suna wuce shi, su waiwayo su ce sannu da aiki. Shi ko a jikinsa. Yakan ce fasinjojinsa ba su taɓa yi masa ƙorafi ba.

Abu ɗaya ya mallaka da yake taƙama da shi: tunda ya kama sitiyari bai taɓa buge ko ɗan tsako ba. Bai tara dukiya ba, bai yi boko mai zurfi ba, amma wannan nasa ne, kuma yana faɗinsa ko ba a tambaye shi ba. Matarsa Filomina, wadda ta tsufa tana gyangyaɗi a kujerar gefensa, takan ce yaya za a yi ka buge abin da ya fi ka sauri.

Sai ɗansu Victor da ke aiki a Abuja zai tafi kwas ƙasar waje, ya kawo motarsa ajiya. Ja ce, ƙofa biyu, cikinta kamar zai share ƙasa, irin wadda yake zuwa filin tsere da ita ranar Asabar. Ya roƙi uban ya riƙa ɗan zagayawa da ita, ya kuma sa a canja mata takalmin birki don ya cinye.

Israel makanike ya ɗora wa Baba Jonatan kwali biyu a kan bonet.

“Baba, wannan na titi ne, ka taɓa ya kama. Wancan na resin ne, na 'yan tsere. Sai ya ɗau zafi sosai yake cizo, in da sanyi kuwa sai ihu kawai. Ba naka ba ne, Baba.”

Wannan “ba naka ba ne” ita ta ɓata komai. Baba Jonatan ya yi lissafinsa na dattawa: birkin da zai tsayar da mahaukacin yaro yana gudun ɗari biyu, ai shi mai tafiyar ashirin tun kafin ya taka zai tsaya. Ya ce a ɗaura masa na resin, kuma kada a koya masa mota.

Ranar Lahadi da safe, ruwa ya ɗauke gari ya yi sanyi, ya ɗauki Filomina za su coci. Suna saukowa ta Gangaren Tudu sai ga shanun Ɓoɗejo, makiyayin da matarsa ke kawo musu nono, suna tsallaka hanya. Baba ya ɗora ƙafa a hankali, yadda ya saba don kada akwatin gawa ya motsa. Birki ya ƙwala ƙara kamar ana yanka alade, mota kuwa ta ci gaba da rarrafawa. Kafin ƙafarsa ta tuna ana iya dannawa da ƙarfi, hancin motar ya je ya dafa cinyar wani farin bijimi.

Bijimin ya juyo ya dube shi, ya kaɗa jela, ya wuce. Ko fenti bai goge ba.

Ɓoɗejo ya leƙo ta taga yana dariya. “Baba, ba komai walla. Ƙuda ma ya fi wannan ciwo. Ka tafi abinka.”

Baba Jonatan bai yi dariya ba. Idonsa ya cika da ƙwalla. Mutumin da ya kai rabin garin nan makwancinsu bai yi kuka ba, yau ga shi saboda cinyar sa. Abin dariya ne, amma ni dai tausayi ya ba ni. Ya kasa duban matarsa, don ya san ta samu abin tsokana har kabari.

Filomina ta yi wata doguwar hamma, ta gyara ɗankwali.

“Maigida, me ya faru muka tsaya? Ni barci nake.”

Idonta garau, ga Littafi Mai Tsarki a kan cinyarta, ga shi ranar Lahadi. Ya daɗe yana kallonta.

“Shanu ne suka wuce,” in ji shi.

“To, mu tafi mana. Ka dai bi a hankali.”