Dakta Maman Lawali Jatau, Wanda Aka Ce Ya Sayar da Gulbi

Ya kamata mai karatu ya sani tun farko cewa wannan tarihi bai ƙare da daɗi ba, domin zargin da ya raka mai shi har kabari yanzu ya koma kan 'ya'yan mutane da ya karantar.

Haihuwa

An haife shi a garin Tsibiri cikin shekarar 1962, aka raɗa masa suna Ɗanlami. Mahaifinsa Jatau manomin gero ne, Anne mai bin al'adar kakanni, mahaifiyarsa kuwa sunanta Kyauta. Bayan rasuwar Jatau, kawunsa ya ɗauke shi zuwa Sabon Gari a Maradi, ya musuluntar da shi, ya sa masa suna Maman Lawali.

Karatu

An sa shi lakwal, wato makarantar boko, a 1969. Daga lise, wato babbar sakandare, ya wuce jami'a a Yamai, inda ya karanta kimiyyar siyasa, sannan ya samu tallafin karatu zuwa ƙasar waje. A 1996 ya kammala digirin digirgir a fannin dangantakar ƙasa da ƙasa, kuma bincikensa ya tsaya ne a kan ruwan Gulbi, wanda ke tasowa daga Najeriya ya ratso Maradi, da yadda ƙasashen biyu ke rabonsa.

Aure

Cikin wannan shekara ya auri Tasalla, 'yar Jiratawa, ƙanwar Tanimu, ɗaya daga cikin manyan masu noman rani na garin. Ta wannan aure ne manoman lambu suka saki jiki da shi.

Aiki

Ya koyar a jami'a shekaru masu yawa, amma duk hutu sai ya shiga lambunan Jiratawa yana tambayar manoma yaushe ruwa ya zo bana, wa suke ganin ya tare shi. Daga nan ya ƙetara ɓangaren Katsina, ya yi wa manoman can irin waɗannan tambayoyi. Ƙa'idarsa ita ce ba ya gaya wa wani ɓangare abin da ɗaya ya faɗa, ba ya kuma ambaton sunan wanda ya yi hira da shi. Wannan ƙa'ida ce ta jawo masa wahala, domin a Maradi mutumin da ke yawan tambaya ba ya ba da labari, ba a daɗewa ake fara kallonsa. An ruwaito cewa wata rana Tanimu ya ce masa a gaban jama'a, da laƙabin Faransanci da ake kiran malaman boko da shi, "Mushe, kai kullum tambaya kamar alƙali. Can Katsina me suke cewa a kanmu?" Ya yi dariya ya ce, "Yaya, abin da suke tambayata a kanku ke nan, su ma ban gaya musu ba."

A wata shekara da Gulbi bai kawo ruwa sosai ba, magana ta bazu daga lambu zuwa kasuwa cewa ya rubuta takardar Gulbi da Faransanci ya kai waje, ya sayar da ruwan. Ba wanda ya karanta littafin binciken nasa a cikin masu faɗa, shi kuma bai taɓa tara mutane ya bayyana musu abin da ke ciki da Hausa ba. Har masu ƙaunarsa sun kasa gane dalilin wannan shiru.

Shekarun ƙarshe

Da aka rufe iyaka a 2023, bai daina kiran manoman ƙetare ta waya ba. Wasu jami'an hukuma suka kira shi, suka nemi sunayen mutanen da yake magana da su. Ya ce, "Alƙawari na yi musu. In na faɗi ɗaya, na ci amanar duka." An sallame shi, amma aka janye shi daga aji, aka dakatar da binciken ɗalibansa biyu, Jibo da Tsahara, waɗanda saura kaɗan su kammala, aka riƙa kiransu ana maimaita musu tambaya ɗaya. Iyaye da dama suka hana 'ya'yansu zuwa gidansa, masu gaishe shi a masallaci suka ragu.

Abin da ya fi damunsa shi ne jami'an sun maimaita masa wata magana da bai taɓa faɗa ba sai a lambun surukansa. Tanimu ya rantse ba shi ba ne. Dakta bai ƙaryata shi ba, amma bai sake taka Jiratawa ba.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a asibiti a Maradi cikin watan Afrilu 2025, bayan fama da hawan jini. An yi masa sutura a gidansa na Sabon Gari, aka binne shi a maƙabartar gari, kuma sahun jana'izar bai kai na mutum irinsa ba. Ya bar matarsa Tasalla da 'ya'ya uku: Hafizu, malamin lise, Mansura, ungozoma, da Rahma, wadda ke makaranta. Allah ya jiƙansa.

Har yau ba a san wanda ya kai ƙararsa ba, ba a kuma san ko za a bar Jibo da Tsahara su kammala karatunsu ba.