Dattijo Mai Jin Kiɗa da Tafin Hannu

A shagon tsofaffin fayafayai na Vinnie, can kudancin Manhattan, na tarar da wani dattijo yana tsaye gaban garmaho. Siriri ne, kwat ta yi masa yawa, ga na'urar ji maƙale a kunnuwansa. Yana rungume da fayafayan wata ƙungiyar mawaƙa da ta girgiza unguwar nan zamanin samartakarmu, tun daga na farko har wanda suka watse a kansa.

Ya ɗora na farkon a kan garmahon. Kiɗa ya cika shago, fuskarsa ko gezau.

"Vinnie, ƙara murya mana."

"Haba tsoho, so kake maƙwabta su kira mana 'yan sanda? Na ƙure ta fa!"

Bai ma ji amsar ba. Ina zaton a gaban lasifikokin mawaƙan nan ya ƙarar da jinsa, yana cashewa har gumi.

Sai ya durƙusa, ya manna tafin hannu jikin lasifika, ya rufe ido. Leɓunansa na bin waƙar, amma mawaƙin ya daɗe da wuce baitin. Muka kalli juna ni da Vinnie, aka rasa mai gaya masa.